ILMIN SINADARAI A AJUJUWAN ƘARSHE NA LISE: FARILLA CE TA KIFAYA A KANMU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci kowane abu da awo, Ya ɓuɓɓugo da ruwan daɗi daga ƙarƙashin rairayi, Ya ajiye gishiri da kanwa da ƙarfe a cikin ƙasa domin amfanin bayinSa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu ɗan Abdullahi, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, ina yi wa kaina wasiyya, ina kuma yi muku, da jin tsoron Allah a ɓoye da bayyane.

Kowace shekara, idan sakamakon jarrabawar brebe ya fito, akwai wata shawara da ake yankewa a gidajenmu na Gidimuni da kewaye, wadda ba a cika kawo ta gaban malamai ba, domin ana ganin ba ta shafi addini ba. Yaron da ya ci jarrabawa zai shiga lise, shekara uku: sagond, faramiyar, tarminal. Ko dai ya bi ɓangaren A na adabi da harsuna, ko ya bi ɓangaren kimiyya, wanda daga shekara ta biyu yake rabuwa zuwa C da D. A nan ne za ka ji yayye suna tsorata ƙanne, suna cewa kimiyya dutse ce, musamman shimi na ajin ƙarshe, wanda ya shiga sai ya maimaita aji. Wani uban kuma ya ce karatu ya isa haka, yaro ya dawo lambu ko ya tafi bida. Wani ya ce wannan ilmin Nasara ne, yana gusar da imani. Ta haka yaro mai ƙwaƙwalwa, wanda da an ƙarfafa masa gwiwa da ya zama mai awon ruwa ko mai haɗa magani, sai ya zame ya bar layin.

Abin da nake so in tabbatar muku a wannan takarda shi ne: samun waɗanda suka ƙware a wannan ilmi daga cikinmu farilla ce ta kifaya. Idan wasu suka ɗauke ta, ta faɗi a kan saura. Idan kowa ya bar ta, laifin yana kan al'umma gaba ɗaya.

MENE NE WANNAN ILMI?

Ilmin sinadarai, wanda a lakwal ake ce wa shimi, Larabawa kuma suke ce wa alkimiya, shi ne sanin abin da abubuwa suka ƙunsa, da yadda suke sākewa idan sun haɗu da juna. Masana sun gano cewa duk abin da muke gani, da ruwa da iska da dutse da jikin ɗan Adam, an gina shi ne daga ƴan tubala ƙididdigaggu. Waɗanda aka sani a yau 118 ne, an jera su a wani allo da wani masani ɗan Rasha mai suna Mendeleyeb ya fara tsarawa a 1869. Wannan allo shi ne abajadar wannan fanni, kuma a shekarar farko ta lise ake fara shi.

A shekara ta biyu ɗalibi yana karanta sinadaran man fetur da iskar gas, da yadda ƙarfe yake tsatsa, da yadda batir yake ba da wuta. A tarminal kuwa, inda ake cewa abin ya yi tsauri, yana karanta asid da kishiyarsa, da ma'aunin da ake auna su da shi daga 0 zuwa 14, da yadda ake gano yawan wani sinadari a cikin ruwa ta hanyar ɗiga masa wani ɗis bayan ɗis har launi ya juya. Yana karanta saurin haɗuwar sinadarai, da yadda mai yake zama sabulu, da tubalan da suke gina nama da jini.

Kada sunayen su firgita ku, domin kuwa mun gaji aikin tun kaka da kakanni. Uwar gida da take jefa kanwa a tukunyar wake don ya yi saurin nuna, tana aiki da babin asid da kishiyarsa. Ku matsa lemon tsami a ruwan zoɓo, za ku ga ya ƙara ja. Ku jefa masa kanwa, za ku ga ya yi duhu ya bar jansa. Abin da ɗan tarminal yake yi a ɗakin gwaji ke nan, sai dai shi yana auna shi da lissafi. Tsohuwar da take tace toka ta dafa ta da mai ta fitar da sabulun salo, babinta yana cikin littafin ajin ƙarshe. Majeman Damagaram da suke jiƙa fata da bagaruwa don kada ta ruɓe, da marina da suke haɗa baba da toka a karofi, zane ya fito kore-kore sannan iska ta mai da shi shuɗi, da masu dafa ruwan rake ya zama mazarƙwaila, duk ma'aikatan wannan fanni ne. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, a cikin birnin ake zuba igwa, ake kuma haɗa albarushi. Bambancin kakanninmu da ɗan lise shi ne, su sun san yadda ake yi ta hanyar gado da jarrabawa, shi kuwa ana koya masa dalilin da ya sa abin yake aukuwa, da awonsa. Wanda ya san dalili shi yake iya gyara idan abu ya ɓaci, shi kuma yake iya hango cutar da ido ba ya gani.

KIRAN ALƘUR'ANI ZUWA GA LURA

Wanda ya karanta Littafin Allah da natsuwa zai ga sau nawa ake juya fuskarsa zuwa ga abubuwan da wannan ilmi yake bincike. A Suratun Nahli, aya ta 66, an umurce mu da mu ɗauki izina daga yadda madara take fitowa tsarkakakkiya daga cikin dabba, a kusa da tumbi da jini. A Suratul Waƙi'a, aya ta 68 zuwa 70, an tambaye mu game da ruwan da muke sha, aka tunatar da mu cewa da Allah Ya so da Ya mai da shi zartsi. A Suratul Hadid, aya ta 25, an ambaci ƙarfe da ƙarfinsa da amfaninsa ga mutane, kuma a aya ɗaya aka ambace shi tare da Littafi da ma'auni. A Suratul Kahfi, aya ta 96, an ba mu labarin yadda Zulƙarnaini ya tara guntayen ƙarfe, aka hura musu wuta, aka zuba musu narkakkiyar tagulla, katanga ta tsaya. A Suratu Faɗir kuwa, aya ta 27 da 28, bayan an ambaci ruwan sama da ƴaƴan itatuwa da duwatsu masu launi dabam-dabam, sai aka bayyana cewa masu ilmi su ne masu tsoron Allah na haƙiƙa.

Ku dubi gishirin da ke cikin miyarku. Sinadarai biyu ne suka haɗu suka ba da shi: ɗaya ƙarfe ne mai laushi wanda idan ya taɓa ruwa yake iya kamawa da wuta, ɗayan kuma iska ce mai guba wadda take shaƙe numfashi. Sai ga shi Allah Ya haɗa su, sun zama abin da tuwo ba ya daɗi sai da shi. Ruwa kuma, wanda yake kashe wuta, ya ginu ne daga iska biyu: ɗaya mai ci da wuta, ɗaya mai rura ta. Jinin da yake gudana a jikinka, awonsa a wancan ma'auni yana tsaye tsakanin 7.35 da 7.45; idan ya kauce wa wannan ɗan tsukin da yawa, rai yana cikin haɗari. Wa ya tsai da wannan awo tun ranar da aka haife ka, kana barci kana farke? Ɗalibin da ya san wannan, sujadarsa ta fi ta jiya nauyi.

Sai dai ina gargaɗin ɗalibai da masu wa'azi baki ɗaya: kada a riƙa jan ayoyi da ƙarfi don su dace da kowane sabon ra'ayi na masana. Alƙur'ani littafin shiriya ne, ya umurce mu da dubawa da aunawa. Sakamakon awon kuwa aikin ɗan Adam ne, yana iya daidai, yana iya kuskure, gobe a gyara.

RUWA MAI TSARKI DA RUWA MAI LAFIYA

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Ahlari ko Ishmawi ko Risala ya san cewa ana gane ruwan tsarki da siffa uku: launi, ɗanɗano da ƙamshi. Idan najasa ta sāke ɗaya daga cikinsu, ruwan ya ɓaci. Shehu Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya keɓe ruwan da ƙasar da yake kwance a kanta ta sāke shi, kamar ƙasa mai gishiri ko taɓo, ya ce wannan yana nan da tsarkinsa. Wannan rangwame rahama ne gare mu mutanen fadama, domin da ba don shi ba, da yawa daga ruwan da ke kwance a ƙasa mai kanwa, daga nan har ƙasar Manga, da bai yi alwala ba.

To amma malaman fiƙihu hukuncin tsarki suka yanke. Ba su ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi lafiyayye ne ga ciki ba. Akwai ruwan da zai zo garau, ba launi, ba ɗanɗano, ba wari, liman ya yi alwala da shi salla ta inganta, alhali yana ɗauke da abin da zai nakasa yaro.

Wannan ya auku a ƙasarmu. A garin Tibiri na Gobir, kusa da Maraɗi, an fara shan ruwan wata rijiyar burtsatse a 1985. Ruwan yana da kyan gani. Ashe duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasa suna sakar masa wani sinadari da ake kira fuliyor. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa masa iyaka, kada ya wuce miligiram 1.5 a lita ɗaya, ruwan Tibiri kuwa ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Aka yi shekaru fiye da goma ana sha. Dubban yara suka taso haƙoransu sun rine sun lalace, ɗaruruwa kuma ƙasusuwansu suka lanƙwashe, ƙafafu suka gwame. Iyaye sun yi ta neman magani, wasu suna zaton iska ce, wasu suna zaton sammu, alhali cutar tana cikin randa. Awon da zai tona wannan asiri ɗan ƙaramin aiki ne ga wanda ya karanta fannin.

Haka kuma a 2010, a ƙauyukan Zamfara ta Nijeriya irin su Bagega da Dareta, mutane suka riƙa kawo duwatsun zinariya cikin gida suna niƙawa. Duwatsun suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi abinci, ta bi hannun yara masu rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu, wasu da yawa suka tashi da raunin ƙwaƙwalwa. Iyayen nan Musulmi ne masu salla, halal suke nema, ba su yi nufin cutar da kowa ba. Abin da ya rasa a cikinsu shi ne mutum ɗaya da zai dubi dutsen ya ce: wannan kada ya shiga gida.

Mu dawo lambunanmu. Maganin ƙwarin da ake ce wa fiya-fiya, wanda wasu suke zubawa a buhun wake don kada ya yi ƙwari, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Turawa sun auna sun ƙi. Mu wa yake auna wanda muke ci? Matashi yana feshi a lambun kabeji ko tumatir ba takunkumi, iska tana mai do masa da maganin a fuska, ya gama ya wanke gorar a bakin tabki, gobe kuma a zuba ruwan sha a cikinta. Manomi yana sayen takin zamani, an rubuta 15-15-15 a jikin buhu, bai san lambobin nan suna faɗa masa kason sinadarai uku da shuka take ci ba, balle ya gane ko an yi masa algus. Wani kuma yana ta ban ruwa da ruwa mai zartsi, rana tana ɗauke ruwan tana barin gishirin, shekara kaɗan ƙasa ta yi fari ta daina ba da amfani, sai a ce albarka ce ta tafi.

Manzon Allah (S.A.W.) ya hana cuta da cutarwa, kamar yadda Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa. Ya hana yin bawali a ruwan da yake tsaye, ya yi umurni da rufe ƙwarya da ɗaure bakin salka da dare. Malamai sun ce kare rai yana cikin manyan manufofi biyar na shari'a. Kuma ƙa'ida ce sananniya a wurin malaman usulu cewa abin da wajibi ba ya cika sai da shi, shi ma wajibi ne. Idan kare rai wajibi ne, kuma ba a iya kare shi daga gubar da ido ba ya gani sai da awo, to samar da mai awon ya zama wajibi.

HUKUNCIN A BAKIN MALAMAI

Ba sabuwar fatawa na kawo muku ba. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Ihya'u Ulumiddin cewa duk ilmin da rayuwar jama'a ba ta tsayuwa sai da shi, kamar likitanci da lissafi da tushen sana'o'i, farilla ce ta kifaya. Har ya koka da cewa a zamaninsa akwai garuruwan da ba su da likita Musulmi ko ɗaya, alhali ɗalibai sun yi cincirindo a kan mas'alolin saɓani. A ƙasar Hausa ma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, duk da nauyin mulki da jihadi, ya zauna ya wallafa littattafai a kan magani.

Shi kansa mufti yana bukatar masanin sinadarai. Malamai sun haɗu a kan cewa giya idan ta juye da kanta ta zama khal, wato ruwan tsamin da ake sa wa abinci, ta tsarkaka, domin ainihinta ya sāke. Wannan juyewa darasi ce a littafin tarminal. To yau da aka cika kasuwa da magunguna da alewa da turare da man shafawa na ƙetare, wa zai gaya wa malami ko abin da ke ciki ya sāke ainihi ko yana nan yadda yake? Haka zakkar zinariya: nisabinta dinari 20 ne, wajen giram 85. Amma zinariya mai karat 18 kashi 75 cikin ɗari ne kawai tsantsarta, mai karat 21 kuma kashi 87.5. Wanda ya ajiye giram 100 na mai karat 18, tsantsar da ke hannunsa giram 75 ce. Malami ya san hukunci, mai awo ya san abin da ake yanke hukuncin a kansa, fatawa kuma ba ta daidaita sai an haɗa biyun. Lokacin da Annabi (S.A.W.) ya ga abin da ya samu dabinon Madina bayan an bar yi masa barbara, ya mayar da sanin irin wannan al'amari na duniya ga masu sana'ar, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. Mu masu dabino mun fi kowa fahimtar wannan hadisi.

Sannan ku dubi arzikin da Allah Ya binne a ƙasarmu. Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit. A 2011 aka buɗe matatar mai ta SORAZ a arewacin birnin Damagaram, a kan hanyar Tanut, mai iya tace ganga 20,000 a rana daga man Agadem. Raba ɗanyen mai zuwa fetur da gazuwal da iskar girki, babi ne da ɗan faramiyar yake karantawa. Idan ƴaƴanmu ba su karanta ba, za mu zama masu gadin ƙofa da share fili a kan dukiyar da ke ƙarƙashin ƙafafunmu, kuma ba wanda za mu zarga sai kanmu.

AMSA GA SHUBUHOHI UKU

Ta farko: wasu almajirai sun ce sun ga malamai sun zargi alkimiya a cikin littattafai. Gaskiya ne, Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi mata raddi a Muƙaddima, kafin shi ma Ibn Sina ya musanta cewa ana iya mai da tagulla zinariya. Amma abin da suka zarga shi ne da'awar masu rina ƙarfe su sayar da shi a matsayin zinariya, irin ƴan damfarar yau masu cewa suna ninka kuɗi. Ilmin da ake koyarwa a lise shi ne ma yake tona asirin irin waɗannan.

Ta biyu: cewa ilmin Nasara ne. Jabir ɗan Hayyan, wanda ya rayu a ƙarni na 8 na Miladiyya, da Abubakar Arrazi, wanda ya rasu wajen 925, suna cikin waɗanda suka aza harsashin gwaji da tacewa da rarraba sinadarai aji-aji. Har yau kalmar alkali da Turawa suke faɗa wa dangin kanwa daga Larabci take, asalinta tokar tsiro, haka ma alambik, sunan tukunyar tace turare. Turawa sun karɓa, sun yi wahala a kai, sun ciyar da shi gaba ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Amma ƙofa ba ta rufe ba. Ahmad Zuwail, ɗan Masar, ya karɓi kyautar Nobel ta wannan fanni a 1999. A 2025 kuma Umar Yagi, wanda aka haifa a Amman cikin gidan Falasɗinawa ƴan gudun hijira, yana cikin mutum uku da suka karɓe ta, saboda wasu sinadarai masu ƙananan ramuka waɗanda har ruwa ake iya tatsa da su daga iskar hamada. A gida kuma, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, ya zama babban masanin hasken rana, kuma sunansa Jami'ar Yamai take ɗauke da shi. Ilmi ba shi da ƙabila. Wanda ya yi masa hidima shi yake bi.

Ta uku: cewa kimiyya ba ta mata ba ce. Wace ce take ɗebo ruwa, take dafa abinci, take auna wa jariri magani da tsakar dare? Wace ce mace mai ciki take so ta ɗebi jininta a asibiti? Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga mazan da suke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, ƴarsa Nana Asma'u kuma ta zama malamar malamai. Abin da shari'a ta nema shi ne sutura da kamun kai da amintaccen masauki. Idan an samar da waɗannan, hana yarinya mai basira karatu zalunci ne gare ta da kuma matan garinta.

NASIHA

Gare ku ɗalibai, maza da mata. Ku gyara niyya tun daga ranar farko: ku yi nufin ɗauke wa al'umma farilla, sai zamanku a aji ya zama ibada. Ku sani wannan fanni ba ya karɓar hadda kawai. Wanda ya haddace Alƙur'ani ya san sirrin tilawa kullum. To haka lissafin sinadarai yake, sai an yi ta warware shi da alƙalami kowace rana, musamman bayan sallar asuba lokacin da ƙwaƙwalwa take sabuwa. Kada ku tsallake darasin sagond kuna jiran tarminal, domin gini ba ya tsayuwa a kan ramin da ba a cike ba. Ku haɗu uku-uku ko huɗu-huɗu kuna bita, wanda ya gane ya koya wa ɗan'uwansa. Idan makarantarku ba ta da kayan gwaji isassu, kada ku karaya: zoɓo da kanwa da lemon tsami da toka da ƙusa mai tsatsa duk suna hannunku, ku nemi malaminku ya nuna muku abin da ba shi da haɗari. Kada ku kuskura ku haɗa abin da ba ku sani ba, musamman ruwan jabel da kowane irin asid, domin iskar da yake fitarwa tana kisa. Ku nisanci satar amsa ranar jarrabawar bak. Annabi (S.A.W.) ya barranta daga mai algus lokacin da ya tarar da jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe. Wanda ya sami takarda da sata, gobe shi za a ba awon ruwan gari, ya sa hannu a kan abin da bai sani ba, kuma hadisi ya ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba da sani ba. Kada kuma karatu ya sa ku bar salla a kan lokacinta, ko ku raina mahaifin da bai shiga aji ba. Da gumin lambunsa kuka kai inda kuke.

Gare ku iyaye. Shekara uku na lise da abin da ke bayansu suna da tsawo ga mai jiran taimako, na sani. Amma wanda ya dasa dabino ba ya cin sa a shekarar, kuma ba ya cewa ya yi hasara. Ku rage wa ɗan ajin ƙarshe aikin lambu idan jarrabawa ta matso. Ku saya masa fitila. Idan yana karatu a birni, ko a Lise Amadu Kuran Daga ko a wata makarantar, ku san gidan da yake kwana da abokan da yake yawo da su, ku riƙa leƙa shi. Idan ya faɗi sau ɗaya kada ku yanke masa ƙauna. Jami'a ma yanzu tana Damagaram tun 2010, ba sai an je Yamai ba.

Gare ku masu hali da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin addini. Muna gasar gina masallatai, Allah Ya karɓa. To ku haɗa da wannan: ku ɗauki nauyin yaro ɗaya ko yarinya ɗaya mai basira daga gidan da ba shi da ƙarfi, littattafansa da abincinsa da kuɗin motarsa, har ya gama. Ku haɗa kuɗi ku saya wa makaranta ma'auni da kwalaben gwaji. Ilmin da ake amfana da shi yana cikin abubuwa uku da ladarsu ba ta yankewa bayan mutuwa. Duk rijiyar da yaron nan ya auna, duk jaririn da ya tsira, kuna da rabo a ciki kuna kwance a kabari.

Gare mu malamai da limamai. Makarantun faranko-arab, tun daga madarasar farko da aka buɗe a Sayi a 1957, an kafa su ne don a haɗa ilmin addini da na zamani a ƙirji ɗaya. Mu ƙarfafa ɗalibanmu masu ƙoƙari su shiga ɓangaren kimiyya. Mu daina raba yara gida biyu, ana kiran waɗannan na Allah, waɗancan na duniya. Idan ɗan lise ya zo hutu, mu jawo shi sahun gaba, mu koya masa fiƙihunsa, mu kuma tambaye shi abin da ya karanto game da ruwanmu da takinmu.

Ya Allah, Ka sanar da mu abin da zai amfane mu, Ka amfane mu da abin da Ka sanar da mu. Ya Allah, Ka buɗa ƙwaƙwalwar ƴaƴanmu, Ka ba su nasara a jarrabawarsu, Ka tsare su daga girman kai da ha'inci. Ka sa albarka a tabkinmu da lambunanmu da rijiyoyinmu, Ka kare mu daga cutar da muke gani da wadda ba mu gani. Ka jiƙan yaran da suka riga mu gidan gaskiya, Ka ba masu jinya lafiya, Ka gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Ka zaunar da ƙasarmu Nijar da sauran ƙasashen Musulmi lafiya. Allah Ya yi daɗin tsira ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.